Shekarar Bututu da Fitilar Dadarku

Hadiza, Umaru, Maryama, duk wanda ya taɓa zama da ni a teburin mai shayi na Damilu ya ji yadda na kori bututu daga fadama. Wasu sun ji cewa na tsaya gaban katafila da ƙirjina har injinta ya mutu don kunya. Wasu sun ji Turawa goma sha biyu na kora, ba su waiwaya ba sai da suka ga gadar Numan. Kai Umaru, ranar ɗaurin aurenka na ƙara musu jirgi mai saukar ungulu, surukanka suna ta salati. To yau na kashe lasifika. Babu katafila, babu Bature ko rabin guda. Injiniya ne ɗaya, siriri, mai fama da olsa, sai wata mace da randa. Macen ita ce Dudu, Dadarku da ta haife ku, Allah ya kai haske kabarinta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru makon jiya. Maryama, kina sharar ɗaki kika haɗa 'yar aci-balbal ɗin nan ta gwangwani da tarkacen da za a ba masu sayen ƙarafa. Na daka miki tsawar da ta tashi tattabarun maƙwabta, kika yi kuka, kika ce wai me za a yi da fitilar kananzir a gidan da Umaru ya sa sola. Kina da gaskiya. Laifin nawa ne da na cika muku kunne da katafila, ban taɓa gaya muku labarin fitila ba.

Kun san ni da baki aka haife ni. A unguwar Makama ungozoma ta ce ban yi kuka ba, gaisuwa na yi. Na yi shekaru ina zagaya kasuwar Jimeta da lasifika a kan keke ina yi wa mutane tallan kaya, daga maganin basir har katifa, shi ya sa har gobe Sali Lasifika ake kirana. Da rikici ya taso, mutanen Michika da Madagali suka cika gari da ƙafafu a kumbure, masu ba da agaji suka nemi wanda ke jin Fulatanci da Hausa da Turanci, sai na zama tafinta. Da yawa daga cikin waɗanda suka gudo ba su koma ba. Suka samu aron gonaki a fadamar bakin Binuwai, can bayan Damilu, har da 'yar gonar da na gada, suna noman shinkafa da albasa da masarar rani. Masu agaji suka tattara suka tafi, ni kuma na koma tallan maganin basir, amma zuciyata ta riga ta ɗanɗana mota mai sanyi.

Ana nan sai wani kamfani ya kama haya a Bekaji, suna neman mai magana da jama'a. Na je. Injiniyan, wani yaro ɗan kudu mai ladabi, ya shimfiɗa min taswira. Ya ce hayaƙin masana'antu ne ke ƙara wa duniya zafi, kuma akwai wata masana'anta da ake shirin ginawa. Maimakon a saki iskarta sama, za a tace ta, a matse, a tura ta cikin bututu har kudu, a cusa ta cikin duwatsun da ke ƙarƙashin teku. Su aikinsu awon hanya ne kawai, kuma hanyar ta ratsa fadamarmu, don nan ne ƙasa ta fi kwanciya. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai a kalanda, na gyaɗa kai kamar a can aka yanke min cibiya. Na tambaye shi wace irin iska ce. Ya ce ai ita ce a cikin lemun kwalba, ita ce kuma ke tashi in an haɗa kanwa da abu mai tsami. Nan take na san na samu abin talla. Aka rataya min kati a wuya, aka ba ni hular kwano fara. Wallahi da ita na yi sallar la'asar a ranar, sai da liman ya harare ni.

Yanzu bari in gaya muku Dadarku kamar yadda na san ta a lokacin, wato kamar yadda ban san ta ba. Na san marainiya ce, Bappanta mai fataucin shanu ya kawo ta Makama daga tsaunukan Kamaru tana 'yar shekara bakwai ko takwas. Iyakar abin da aka gaya min ke nan, ni kuma ban tambaya ba, don mai lasifika ba ya jin kowa sai kansa. Tana da wasu halaye da na mayar abin ba'a. Da za mu gina gida, ta ƙi fili mai kyau a gangare, ta ce sai kan tudu, ko da dutse ne. Ba ta yarda ɗayanku ya yi barci a tabarma a ƙasa. Ita ce mace ɗaya a duk Adamawa da ba ta tsine wa ƙuda. In ta buɗe ƙofa da safe ta ga ƙudaje na yawo a kan kwanuka, sai ka ga fuskarta ta saki. Sannan fitilar. Kullum da an kira magariba sai ta kunna aci-balbal ta ajiye a ƙasa, bakin ƙofar ɗakinku, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Shekara ashirin ina ce mata tana haska wa kiyashi hanya. Ba ta taɓa mayar min ba.

Ranar da na dawo da hula, na same ta a tsakar gida tana mulmula dakkere. Na tsaya a kanta na yi gwajin jawabin da zan yi wa manoma.

“Jama'a! Iskar nan ita ce kuke saye a kwalba ku sha ku yi gyatsa. Ita ce ke tashi in matanku sun jefa kanwa a miyar yakuwa. Ku gaya min, wa miyar yakuwa ta taɓa kashewa, in ba santi ba?”

Na jira dariya. Ta ci gaba da mulmula.

“Baban Hadiza,” ta ce, “tana da wari?”

“Ko kaɗan. Ta fi turaren Larabawa tsabta.”

“Ana ganin ta?”

“In kin gan ta, na ba ki hular nan.”

“Sama take yi ko ƙasa?”

“Ke Dudu, iska ce fa, ba akuya ba. Inda ta ga dama.”

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Sai ta ce in tambayar mata injiniya abu ɗaya: iskar tana kashe fitila? Na ce to. Ban tambaya ba. Yaya mai hular kwano zai shiga ofis mai sanyi da tambayar aci-balbal?

Sati uku na yi ina zagaya fadama, kuma ba yabon kai ba, na yi aiki. Masu awo suna kafa turaku masu jan fenti, ni ina gaba ina share musu hanya da baki. Na ce bututun zai kawo titi. Na ce zai kawo asibiti. A wata gona da na ga fuskoki sun yi tauri na ce har zafin Yola zai ragu, watan Maris mutane za su nemi bargo. Wanda ya tsaya min a wuya shi ne maƙwabcinmu Malam Bitrus, tsohon malamin firamare ɗan wajen Numan, sakataren ƙungiyar manoman fadama. Mun shekara goma sha biyar muna cin naman Sallah da shinkafar Kirsimeti tare, amma a kan bututu ya tare ni a kan kunyar albasa.

“Sali, kai ka gaya mini. In abin nan yana da kyau haka, don me ba su ajiye shi a gidansu ba? Don me sai sun kai shi ƙarƙashin ruwa kamar gawan maye?”

“Malam, ai kai ma kana da masai a gidanka, amma ba a falo ka haƙa shi ba.”

“To gonana ne masai ɗin?”

Aka yi dariya, rabi tawa rabi tasa. Sai dai damuwar Malam Bitrus ƙasa ce, yana tsoron a ƙwace wa 'yan gudun hijira gonakin aro, su da ba su da takarda. Wannan kuwa ina da amsarta a aljihu, diyya. Da na ambaci diyya sai masu gonaki na asali su fara lissafin babur a zuci. A hankali fadama ta karkato wajena.

A gida kuwa wani abu na faruwa da ban lura ba sai da ya yi nisa. Kun tuna jeren ƙorenta na aure, masu zane, da ke kan kanta a ɗakinta? Wata safiya na ga kamar sun ragu. Washegari suka ƙara raguwa. Na leƙa bayan gado na gan su an ɗaure cikin zane, ɗaya cikin ɗaya. Na fito na same ta tana tankaɗe.

“Wa zai yi tafiya?”

“Ka tambayi injiniyan?”

“Yana da aiki da yawa.”

Ta ajiye rariya. Dadarku ba ta ɗaga murya, kun sani. In ranta ya ɓaci ma ƙasa muryar take yi, sai ka matso.

“Na auri mai ƙarya ina sane, don ƙaryarka ba ta taɓa cutar kowa ba, dariya take sa mutane. Wannan daban ce. Ranar da Jauro mai unguwa ya sa hannu bututun nan ya shiga fadama da bakinka, ni da yara za mu hau tsaunukan wajen Ganye, wurin dangin Bappa. Ba fushi ba ne. Ba zan iya kwana kusa da shi ba, kuma ba zan iya kwana kusa da wanda ya kawo shi ba.”

Na yi dariya. Allah ya yafe min, dariya na yi, na ce Ganye ma akwai lemun kwalba. Amma da na fita na hau keke zuwa Bekaji, sai na tuna cewa a shekara ashirin ban taɓa jin ta faɗi abu sau ɗaya ba ta yi shi ba. Duk da haka ban ajiye hular ba. Na ce a raina mata ne, in ta ga an fara kirana Manaja za ta sauko.

Ranar taron ƙarshe aka haɗu da hantsi a ƙarƙashin mangwarorin bakin fadama. Ke Hadiza kina jami'a, Umaru yana makarantar kwana, Maryama kina aji. Jauro, mai unguwarmu, yana kan kujera, takardar amincewa a kan cinyarsa. Maza a gaba, mata a baya da 'ya'ya a goye. Injiniya ya yi bayani, na fassara, na ƙara gishiri, na ƙara barkono, na kawo miyar yakuwa aka kwashe da dariya. Malam Bitrus ya yi nasa, aka saurare shi don girmansa kawai. Jauro ya laluba aljihu yana neman biro.

Sai ga keke napep ya tsaya a bakin hanya. Dadarku ta sauko, tare da Mama Saraya matar Malam Bitrus, suna riƙe da randar ruwanmu ta tsakar gida, kowa da gefe. Dudu da ba ta taɓa ɗaga ido a gaban Jauro ba, ta ratsa tsakiyar maza ta dire randa a gaban injiniya. Ta durƙusa ta gaida Jauro.

“Barkama, a ba ni izini. Maigidana ya ce iskar kanwa da tsami ce. Na zo mu gan ta.”

Wani daga baya ya ce, “Sali, an kawo maka abincin rana!” Aka yi shewa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige har da hula.

Jauro ya ce ta yi. Ta kwance ɗaurin zane ta juye dakakkiyar kanwa, mai yawa, cikin randar da ba ruwa. Mama Saraya ta miƙo bokitin ruwan tsamiya mai kauri, ta tuttula. Randa ta ɗauki tsuwa, kumfa ya taso ya kwanta, ta rufe da faifai ta jira. Sannan ta fito da aci-balbal ɗin nan, wadda kika so ba masu ƙarafa, ta ɗaura mata waya, ta ƙyasta ashana. Ta ɗaga ta kowa ya ga harshen wutar yana rawa. Ta janye faifai, ta zura fitilar a hankali cikin randa. Ba ta kai ga kumfan ba, ko kusa. Wutar ta yi ƙasa, ta mutu, kamar an tsinke ta da yatsa. Ba iska, ba ruwa, ba hayaƙi. Ta fito da ita ta sake kunnawa, ta sake zurawa, ta sake mutuwa. Karo na uku ta ajiye fitilar a ƙasa tana ci, ita da Mama Saraya suka karkata bakin randa a kanta kamar masu zuba ruwa. Babu abin da ido ya ga ya zubo. Fitila ta mutu.

Ban taɓa jin fadama ta yi shiru irin na ranar ba. Har kukan jaki na ji daga tsallaken kogi.

Sai ta juyo ta dube ni, a gaban mutane, ta yi magana da Fulatanci. Ta ce abin da za ta faɗa ba ta iya faɗinsa da Hausa, kuma rabin mutanen nan ba sa jin Fulatanci, injiniya ma haka. Ni ne tafinta. In fassara.

Haka na ji labarin matata karo na farko, jimla jimla, yana fita ta bakina. Ta ce rugarsu tana cikin wani kwari ne, ƙasa da wani tafki a tsaunukan Kamaru. Ranar an aike ta kan tudu ta kai wa kakarta nono, ruwan sama ya tsare ta ta kwana can. Da gari ya waye suka jira a koro shanu, ba a koro ba. Da rana ta ɗaga, ta gangaro ita kaɗai. Ta ce abin da ta fara lura da shi shiru ne, ba zakara, ba tsuntsu. Shanu suna kwance a inda suka tsaya, ba rauni, ba jini. Ta shiga bukkarsu ta samu kowa a shimfiɗarsa, ta ɗauka barci suke, har ta ji haushi an bar ta da yunwa. Fitilar mahaifiyarta tana ƙasa, cike da mai, lagwani lafiya, a mace. Ta ce ta zauna a wurin har yamma, kuma duk gawarwakin nan, na mutane da na shanu, ƙuda ko ɗaya bai sauka a kansu ba, don ƙudajen ma sun mutu. Daga baya masu ilimi suka zo suka ce tafkin ne ya saki wata iska, ta gangaro ta cika kwari kamar ruwa.

Na kai wajen ƙudan nan muryata ta ƙi fita. Ni, Sali Lasifika. Shekara ashirin ina yi mata dariyar ƙuda.

Ta juya wajen matan Madagali da ke baya, wannan karon da Hausarta mai karyayyen harshe.

“Ku kun ji harbi, kun ɗauki yara kun gudu. Mu ba mu ji komai ba.”

Sannan ta ce in tambayi injiniya, tunda na ƙi tambaya a ofis: iskar bututunsa ita ce wannan ko ba ita ba ce, kuma in ya fashe ina za ta bi? Na tambaye shi. Yaron nan, Allah ya yi masa albarka duk inda yake, ya cire tabarau ya goge, ya ce ita ce. Ya ce ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta fita da yawa gangare take bi ta taru a kwari. Ya ce amma bututu ba tafki ba ne, ana sa masa na'urorin da ke rufe shi, kuma fashewa ba kasafai take faruwa ba. Sai ya matso kunnena.

“Oga Sali, abeg, talk am small small.”

Wato in sassauta. Kuma zan iya. Wallahi a tsaye nake da hanyoyi bakwai na juya maganar nan ta zama alawa. In fara da na'urori, in daɗe a kansu, in haɗiye kwari, in rufe da barkwanci, Jauro ya sa hannu, wata mai zuwa a kira ni Manaja. Na dubi Dudu. Ba ni take kallo ba. Tana tsugune tana goge gwangwanin fitilarta da gefen zane, kamar wadda ta gama abin da ya kawo ta, saura ɗaukar ƙore.

Na faɗi abin da ya ce. Yadda ya ce, a jeren da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba, har da na'urorin, don hakkinsa ne. Shi ne karo na farko a rayuwata da na yi magana a taro ba a yi dariya ba, kuma na ji kamar na fito ba wando.

Jauro ya dubi fadama, wadda duk Jimeta ba inda ya kai ta gangare, ga bukkokin masu gadin albasa, ga yara suna kora tsuntsaye. Ya ninke takardar ya miƙa wa injiniya da hannu biyu.

“Useko, ɗana, mun gode da ka faɗi gaskiya. Ka gaya wa manyanka su nemi tudu. Mu a kwari muke.”

Kada ku ce mu muka kashe aikin, ban san wannan ba. Bayan wata biyu ofishin Bekaji ya zama shagon ɗinki, wasu suka ce kuɗin masana'antar ne bai zo ba. Ban kuma san ko da an shimfiɗa bututun zai yi shekara ɗari bai yi ko tari ba. Wataƙila ma duniya na bukatarsa, don zafin bana ya gasa min ƙwai a aljihu. Abin da na sani, mutanen da za a shimfiɗa shi a ƙarƙashin gadonsu sun ji gaskiyarsa kafin su amsa, kuma da don ta ni ne da ba su ji ba. Turakun jan fenti har yau suna nan, ana ɗaure awaki.

Washegari aka karɓi kati da hula. Masu jiran diyya suka yi shekara ba sa amsa sallamata, a kasuwa aka koma kirana mijin mai randa. Malam Bitrus ne kawai ya aiko da zabbi biyu, ya ce ɗaya na tafinta, ɗaya na ƙaryar da ta rasu. Dadarku kuwa kunya ta hana ta fita, mutane na nuna ta, wasu na zuwa har gida a ba su labarin tafki kamar wasan kwaikwayo. Ita ce ta ce da ni, tana mayar da ƙorenta kan kanta ɗaya bayan ɗaya:

“Baban Hadiza, ka je teburin shayi ka ce kai ka kore su. Ka yi ta faɗa, ka ƙara duk abin da kake so, har su manta da ni. Kada yara su ji daga bakina.”

To kun ji asalin katafila. Ƙarya ɗaya ke nan da aka taɓa yi min oda, kuma na yi ta da zuciya ɗaya.

Da magaribar ranar ta ɗauko aci-balbal, ta tsaya, sai ta miƙo min ashana. Na durƙusa na kunna na ajiye a bakin ƙofarku. Muna zaune muna kallon ta, ta ce abu ɗaya take so, in kai ta kwarin nan sau ɗaya, ta tsaya ta kira sunayensu ta yi musu addu'a, don ranar da aka binne su an riga an ɗauke ta. Na buga ƙirji na ce bayan girbi, ko a kafaɗa ne. Bayan girbi na ce bayan Sallah. Sai aka ce hanyar can ɓangaren ma ba lafiya. Sai bikin Hadiza. Sai ciwon ya zo. Ba ta taɓa tuna min ba, ni kuma na ɗauka lokaci irin bakina ne, ba ya ƙarewa. Damina biyu ke nan da muka kai ta makwancinta, kuma na roƙi masu haƙa su nemi wuri mai tudu, suna ta kallona.

A asibiti ta faɗa min sunayen, na rubuta a bayan takardar magani. Ga su, ku riƙe, danginku ne. Mahaifinta Jibbo. Mahaifiyarta Habi. Hammanta, wato yayanta, Ori. Addarta Yeya. Sai jariri namiji, kwanansa biyar, saura biyu a raɗa masa suna. Ta ce tun tana yarinya take kiransa da suna a zuci, amma ba ta gaya min ba, ta ce sai mun je can.

Ni gwiwoyina sun fara ba ni shawara, amma Umaru kana da mota. In hanya ta yi kyau, ku ɗauke ni, ko ku tafi ba ni. Ku tsaya a kan tudu, kada ku kwana a kwarin.

Fitila kuwa, Maryama, ki bar min ita inda take. Na san akwai sola. Na san babu tafki a Damilu, babu bututu, ɗakin ma ba mai kwana a ciki tun da kuka watse. Amma da an kira magariba sai in ga hannuna ya tafi neman ashana. In kunna, in ajiye a ƙasa, in zauna a kan turmin da take zama, in yi ta ba ta labarin abin da ya faru a kasuwa, ina ƙara gishiri yadda na saba. Wutar takan ɗan karkata gefe, kamar yadda takan karkatar da kai in na kai wajen jirgi mai saukar ungulu.